Koken masunta zuwa ga Mai Martaba Sarkin Haɗejia

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mu ne 'yan ƙungiyar masunta da ke su a kogin Haɗejia da fadamun da ke gefensa, mun zauna bayan sallar Juma'a muka ce gara mu kawo kukanmu gaban uba tunda abin ya fi ƙarfinmu.

Ranka ya daɗe kifi na ƙarewa a ruwan nan. Da can mutum zai jefa birgi sau uku ya cika gora da karfasa da tarwaɗa, yanzu wallahi sai ka kwana a kwalekwale ka dawo da ɗan kurungu da ko kuɗin cefane ba zai yi ba, giwan ruwa kuwa yaranmu sai dai su ji labari. Mun san tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 ambaliyar da kifi ke bi ya shiga fadama ya yi ƙwai ta canja, ga ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa har tsuntsun jan-baki ya samu wurin kwana yana cinye mana shinkafa. Wannan mun san ba aikin rana ɗaya ba ne.

Amma wanda ya fi ƙona mana rai namu ne na gida. Akwai masu zuba gubar gamalin a ruwa cikin dare, da asuba ka tarar kifi ya taso fari fat, ciki sama, manya da ƙanana har da kwaɗi, kuma ruwan nan shi shanu ke sha, shi mata ke ɗiba. Wasu kuma gidan sauron da aka raba don zazzaɓi suka mayar taru, suna kwashe 'ya'yan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba. Mun gani da idonmu an shanya su a tabarma ana aunawa da kwano, to baɗi me za mu kama? Ga masu datse ruwa da dumba, wato shingen kama kifi, daga gaɓa zuwa gaɓa, na ƙasa ko oho.

Roƙonmu Sarki ya umarci hakimai da dagatai da bulamai su tsaya wa Sarkin Ruwa, a dawo da hana kamun kifi lokacin da kifi ke ƙwai a damina kamar yadda iyayenmu suka yi, duk wanda aka kama da guba ko gidan sauro a ƙwace a miƙa shi hukuma ko ɗan waye. Batun kachalla kuma a sa mana rana a yi gayya, lauje da kwalekwale namu ne, sai dai a taya mu roƙon gwamnati ta turo injin yankan ciyawa kafin ruwa ya sauko.

Allah ya taimaki Sarki.

Talakawanka, masunta.