Kafin a sayi sola, a fara gano inda wutar ke zurarewa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana masu kula da filaza da otal da manyan shaguna. Ni nake kula da wani bene a Kano, shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama. Ni nake bi ƙofa-ƙofa karɓar kuɗin wuta da na dizal, don haka duk baƙar magana a kaina take sauka.

Da hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta mayar da yunit ɗaya na layin Band A, wato na waɗanda aka fi ba wuta, naira 225 a watan Afrilun 2024, Alhajin da ke da ginin ya ce a sayo sola kowa ya huta. Mai sola ya zo, ya ƙirga esi da fankoki da ido, ya rubuta kuɗin da sai da Alhaji ya yi salati. Wani ɗan haya ne ya ce a kira injiniya mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniyoyi, ya fara auna yadda ginin ke shan wuta. Ni ban so ba. Gani nake za mu biya mutum ne kawai ya ce mu riƙa kashe fitila.

Ashe ba haka aikin yake ba. Injiniyan ya karɓi takardun bil na shekara guda da littafin da nake rubuta sayen dizal, sannan ya maƙala wata na'ura a akwatin rarraba wuta, ta kwana bakwai tana naɗar abin da ake sha dare da rana. Abin da ya fara ba ni kunya shi ne ƙarfe biyun dare, gini a kulle, mita na gudu. Injin burtsatse ne. Makunnin da ke kashe shi idan tanki ya cika ya mutu, ruwa na malala bayan gini, mai gadi kuwa ya ɗauka dama haka abin yake.

Sai maganar esi, inda kuɗin yake da gaske. Ya lissafa mana cewa mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana cin yunit ɗaya da 'yan kai a awa. A ce yunit 12 a awa goma, naira 2,700 ke nan kullum a wancan farashi, na guda ɗaya tak. Namu kuwa ƙurar hunturu ta toshe matatarsu, an kafe su a digiri 16, ƙofa a buɗe, injinan waje suna jikin bangon yamma rana na gasa su. Ya leƙa saman silin, kwano ne tsirara, babu abin tare zafi. Nan na tuna Gidan Makama, yadda mutum ke shiga soro da tsakar rana ya ji sanyi ba fanka, saboda kaurin bangon ƙasa da ƙananan tagogi. Mu kuma mun lulluɓe gaban gini da gilashi muna sayen sanyi.

Janaretan da muke alfahari da girmansa ma laifi ne. Da yamma idan ofisoshi sun tashi, ko kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ba ma ɗora masa, ga shan mai, ga baƙin maiƙo a salansa. Yanzu ƙarami muke kunnawa bayan la'asar.

Mun gyara makunni, mun wanke esi, mun sauya dogayen fitilu da LED, mun shimfiɗa abin tare zafi a silin. Da mai sola ya dawo, batura da faifan solar da ya lissafa ba su kai na farko ba.

Shawarata ga mai son gwadawa: kada ya ɗauki wanda ke sayar da kaya ya yi masa binciken, domin ciwon da yake da maganinsa kawai zai gano. Kuma ya nemi rahoto a rubuce, kowane gyara da kuɗinsa da watannin da zai ɗauka ya mayar da su. Gwamnatin Tarayya ta fitar da ƙa'idar gini mai tattalin wuta tun 2017. Ina roƙon masu ba da izinin gini su riƙa tambayar ta kafin a zuba kankaren bene.

Saura ɗan haya ɗaya da har yau yake mayar da esinsa 16 da zarar na juya baya. Shi kam mun sa masa mitarsa daban.

Mai karatunku,
daga Kano.