Wasiƙa Zuwa ga Iyaye da Masu Riƙon Ɗalibai, Zango na Biyu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ana sanar da ku cewa an kammala jarrabawar tsakiyar zango lafiya, kuma kowane ɗalibi zai kawo sakamakonsa gida. Sai dai abin da ya sa na rubuto muku ya fi wannan sakamako nauyi a wurina.

Tun da aka dawo daga hutu malamai suke kawo mini rahoton wasu maganganu da suka fi ƙarfin shekarun masu yin su. Wani ɗan aji huɗu ya ce wa malaminsa karatu wahalar banza ce, tunda yayansa ya gama jami'a amma Adaidaita Sahu yake ja, wata yarinya kuma ta ɓoye takardar kuɗin makaranta a jakarta don kada ran mahaifinta ya ɓaci. Yaro ba ya ƙirƙirar irin wannan tunani da kansa, a gida yake tsintar sa.

Babu mai musun cewa ana cikin matsi. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura 1,000 a 2024, ta ja kuɗin mota da farashin hatsi a kasuwar Dawanau da na kayan masarufi a kasuwar Singa a nan Kano. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai shafi yawancinku ba, domin ku 'yan kasuwannin Kwari da Kurmi da Sabon Gari ciniki kuke jira, su kuwa malamanmu a kasuwar da kuke cefane suke yi. Amma mu tuna Agustan 2024, lokacin da zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe har aka sa dokar hana fita a garin nan, kuma cikin waɗanda aka kama har da ƙananan yara. Yaron da aka fitar wa da rai daga gobensa ba ya wuyar ja zuwa titi.

Saboda haka roƙona shi ne a riƙa yin lissafin bashi da kuɗin haya bayan yara sun kwanta, a kuma sallame su da safe da addu'a da sakin fuska ko da kuɗin tara bai samu ba. Idan sun dawo a tambaye su abin da suka koya, a yaba musu kafin a kai ga gyara. Manzon Allah (SAW) ya sanar da mu cewa murmushi ga ɗan'uwa sadaka ne, ya kuma umarci a yi bushara kada a kore mutane, kuma 'ya'yanmu su suka fi cancantar wannan sadaka.

A nan dole in jinjina wa malamar aji biyu, wadda ba ta fara darasi sai kowane yaro ya faɗi alheri ɗaya da ya gani jiya, har fashi ya ragu a ajinta. Haka Baba mai gadi, wanda ya san sunan kusan kowane yaro, yake kuma tarbar su da barkwanci a cikin wannan sanyi. Malaman da suke shiga aji da ɗaurarriyar fuska kuwa mun riga mun zauna da su, sun kuma san kansu.

Akwai iyayen da suka mayar da bakin ƙofa wurin faɗa da yaro a kan littafin da ya ɓata, a gaban abokansa. Wannan ya isa haka. Zauren WhatsApp na iyaye kuma don sanarwar makaranta aka buɗe shi, duk wanda ya sake tura hotunan tashin hankali ko jita-jitar ƙarin farashi za a cire shi. Wanda kuɗin makaranta ya yi wa nauyi ya zo ofishina da kansa mu tsara biya kaɗan-kaɗan cikin sirri, kada a aiko yaro da uzuri, domin ba ma son a kira sunan kowa a gaban aji.

Taron iyaye da malamai yana nan ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe 10 na safe, muna kuma son ganin iyaye maza, waɗanda kujerunsu suka daɗe babu kowa. A sa wa ƙanana rigar sanyi mai launin kayan makaranta, a kula da aski da yankan farce. Ana rufe ƙofa da ƙarfe 7:45.

Allah Ya yassare mana, Ya raya mana zuri'a.

Wassalam,
Shugabar Makaranta