Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Kwamishinan Ayyuka: gadarmu fa ta tsage

Assalamu alaikum Yallaɓai, ya aiki, ya jama'a. Ba zan ja ka da nisa ba.

Maganar gadar nan ce dai ta bakin kasuwar garinmu, ka san ta sarai tunda a kanta ka tsaya lokacin kamfe kana cewa in Allah ya ba ku gwamnati ita ce aikin farko. To Allah ya ba ku, ga shi an ci damina biyu, abin da muka gani kawai fenti ne fari da baƙi da aka shafa wa gefenta ranar da manyan baƙi za su wuce. Fentin ya yi kyau kam, mun gode.

Ni birkila ne, na fi shekara 20 ina cakuɗa siminti, na san tsagar filasta wadda ba komai ba ce kuma na san wadda ke hana magini barci. Bara da rani na sauka ƙarƙashin gadar na ga tsaga a jikin ginshiƙi na biyu, siririya kamar zare ko farce ba ya shiga, amma a karkace take tafiya, wannan karkacewar ce ta tsaya min a rai. Na ɗiga jan fenti a inda ta tsaya na rubuta kwanan wata da ƙusa. Satin da ya wuce na koma, wallahi ta wuce fentin nan da kusan taƙi guda, makullin mashin ɗina yana shiga, ga ruwan tsatsa ja-ja yana tsiyaya daga ciki.

Kai ma ka san me zai biyo baya, kana da injiniyoyi cike da ofis. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to a kankare ruwa ne ƙadangaren, in ya shiga ya tarar da rodi sai rodin ya yi tsatsa, tsatsa kuma kumbura take yi ta ture kankaren daga ciki ya ɓare, tsagar ta ƙara buɗewa ruwa ya ƙara shiga, haka za a yi ta yi shiru ba wanda ya sani alhali daga sama kwalta lafiya lau. Ga masu tifa kullum suna kwasar yashi dab da gindin ginshiƙan, ga tirela da lodin da ya fi ƙarfinta.

Kar wani ya ce min ai ƙaramar tsaga ce. A Amurka a 1967 gadar Silver da ke kan kogin Ohio ta rufta da motoci, mutum 46 suka mutu, da aka bincika tsaga ce a jikin ƙarfe ɗaya wadda zurfinta bai kai milimita 3 ba. Daga nan suka fito da tsarin duba gadoji, yanzu galibi duk shekara 2 sai an bi kowace. Mu nan fa? Ranar 12 ga Yulin 2024 benen makaranta ya rufta wa ɗalibai a Jos, rai 22, yara ne da suka fita da safe da jakar littattafai. Aka yi kuka aka kafa kwamiti.

Abin da muka ƙware a kai kenan, ihu bayan hari. In ta faɗi na san za ku zo da jerin motoci da 'yan jarida, a yi jaje a raba shinkafa da katifa a ce ƙaddara ce. Mun yarda da ƙaddara Yallaɓai, amma tsagar da birkila ya gani da idonsa ya kai takarda har sau biyu aka ce masa oga ba ya nan, wannan sunanta sakaci.

Dan Allah dan Annabi, ba sabuwar gada na ce a gina gobe ba, na san za a ce babu kuɗi. Injiniya ɗaya za ka turo ya auna faɗin tsagar ya rubuta, ya manna ɗan gilashi a kanta da siminti, in ta motsa gilashin zai fashe kowa ya gani, ya riƙa dawowa duk wata. Nawa wannan zai ci? Ko kuɗin man tawagarka na yini ɗaya bai kai ba. Masu yashi a matsar da su, manyan motoci a rage musu lodi kafin ruwa ya sauka. Akwai ajin firamare ma da bangonsa ya rabu da kusurwa, wannan sai wani jiƙon.

'Ya'yana uku ta kan gadar nan suke zuwa makaranta safe da yamma. Laraba ce ranar kasuwarmu, in injiniyan zai zo ya zo ranar, ya tsaya a ƙasa lokacin da tirelar masara ke hayewa ya ɗora tafin hannunsa a jikin ginshiƙin. Zan jira shi a wurin in nuna masa jan fentin.

Naka,
wani birkila daga bakin kasuwa.