Koken mazauna bakin Jakara kan ledar da ta toshe mana magudanan ruwa

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
ta hannun Dagaci da Masu Unguwanni,
Birnin Kano.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar ladabi da biyayya, mu ne talakawanka mazauna unguwannin bakin rafin Jakara, dattawanmu da matasa, mahauta da mata masu sana'ar cikin gida. Mun kawo kukanmu ne a kan leda, tun damina ba ta kankama ba.

Allah ya ja zamaninka, duk Asabar ɗin ƙarshen wata samarinmu suna fitowa da shebur da manjagara su yashe kwatoci. Abin da suke tsamowa rabinsa ledar fiya wata ce da baƙar ledar cefane, sauran laka. Sai a tara shi a bakin kwata ana jiran mota. Mota ba ta zo ba, awaki da yara su baje tarin, ruwan farko ya mayar da shi inda aka ciro shi. Bara cikin Agusta ruwa ya shiga gidajen wani lungu namu da tsakar dare, mata na ɗauke da tabarmi a ka, katangar ƙasa biyu suka zube. Da gari ya waye muka tona bakin kwalbati, sai ga leda ta dunƙule ta zama kamar katifa, sai da majiya ƙarfi huɗu suka janyo ta.

Ɓarnar ba a kwata ta tsaya ba. Wata gwauruwa a cikinmu ta yi wata bakwai tana kiwon rago don Babbar Sallah, ya daina cin dusa, ya rame cikinsa na kumbura. Da aka yanka shi kafin ya mutu, mahauci ya zaro curin leda daga tumbinsa, ya kai girman kan jariri. Mahautanmu sun ce wannan ba ya ba su mamaki kuma. Manoman karkara da tun kaka da kakanni suke zuwa da jakuna su sayi takin birni, yau sai sun zauna tsince leda kafin su zuba a gona. Abin da ya tsere mana kuwa Jakara ce ke kwashe shi, ta bi da shi ta gonakin masu noman rani har madatsar Wasai a Minjibir. Ga kuma masu hura gawayi da leda, hayaƙin yana shiga ƙirjin yaran da ke goye.

Ranka ya daɗe, ba mu zo neman a haramta leda ba. Mun san Ruwanda ta hana ta a 2008, Kenya a 2017. Amma maƙwabciyarmu Nijar ma ta yi doka a 2014, kuma wanda ya je Maraɗi ya ga leda na lilo a kan ƙaya kamar yadda take yi a nan. Ban da haka, unguwar da famfo ya daɗe bai kawo ruwa ba, ruwan leda take sha. In an hana, me za a ba mutane?

A ganinmu matsalar guda ce: leda ba ta da kuɗi. Ɗan bola jari yana bin ƙarfe da goran roba lungu-lungu domin akwai mai awo ya biya shi, leda kuwa tsallake ta yake yi. Don haka muke roƙon ka sa baki ƙaramar hukuma ta ware mana fili guda, a kafa sikeli, a haɗa mu da masu narka roba da ke sayen ledar ruwa a kan kilo. Masu gidajen ruwan leda da ke sauke kaya a shagunanmu kullum, motarsu wayam take komawa. A kira su fada a nemi su riƙa komawa da buhunan ledar da aka tara. Su suka kawo ta.

Muna kuma roƙon ranar da aka yi yasa, ranar mota za ta zo. In kuɗin mai ne, a faɗa mana, za mu yi karo-karo.

Sai maganar kasuwa, wadda bakinka ne kawai zai iya. Yau mai sayen tumatir na ɗari biyu da leda uku yake tafiya, attaruhu daban, albasa daban. Iyayenmu da kwando da sanho suke zuwa Kurmi. In ka tara sarakunan kasuwa da limaman Juma'a aka ja kunnen jama'a, za a ji, domin mun ga yadda maganar fada ta yi aiki lokacin rigakafin shan inna.

Samarinmu sun yarda su tsare filin da za a ba mu ba tare da albashi ba. Muna roƙon a sa mana ranar da wakilanmu za su zo gabanka, kuma in hali ya yi, ka turo wakili ya ga kwalbatin da idonsa kafin ruwa ya sauka.

Allah ya ƙara maka lafiya da imani.

Mu ne masu biyayya,
Dattawa, matasa da matan unguwannin bakin Jakara.