Wasiƙa ga Abokan Cinikinmu kan Sabunta Shafukan WordPress

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, mun rubuto ne domin mu sanar da ku sabon tsarin da za mu riƙa bi wajen sabunta shafukanku na intanet da muka gina a kan WordPress, manhajar gina shafuka, musamman abin da ya shafi ƙananan manhajojin da ake ɗora wa shafi domin ƙara masa aiki, wato fulogin.

Fom ɗin da mai saye yake cikewa, da kwandon kaya na WooCommerce, da hanyar karɓar kuɗi ta Paystack, da maɓallin WhatsApp da ke ƙasan shafi, duk fulogin ne ke tafiyar da su, kuma kowanne da mai shi daban. Wani kamfani ne mai ma'aikata, wani kuwa mutum ɗaya ne yake kula da shi idan ya samu sarari. Idan WordPress ya fitar da sabon zubi, babu mai ikon tilasta wa waɗannan mutane su gyara nasu aikin a ranar, don haka sai a wayi gari gindin shafi sabo ne, abin da aka ɗora a kansa kuma tsoho.

An ga haka ƙarara a watan Agustan 2020, lokacin da WordPress 5.5 ya daina loda jQuery Migrate, wani ɗan tsari da ke taimaka wa tsofaffin manhajoji su ci gaba da aiki, wanda tsofaffin fulogin da yawa suka dogara da shi ba tare da masu shafukan sun sani ba. Shafi yana buɗewa lafiya, amma a danna maɓalli ya ƙi motsi, hotunan da ke zagayawa a sama su tsaya cak, har sai da masu kula da WordPress suka fitar da wani fulogin na musamman domin a lallaɓa kafin a yi gyara. Irin wannan ɓarna ta fi damunmu, domin mai shago ba ya ganin ta, sai dai ya lura ciniki ya ja baya.

Haka abin yake ga PHP, harshen kwamfuta da aka rubuta WordPress da shi. Tun watan Nuwamban 2022 aka daina yi wa PHP 7.4 gyaran tsaro, kuma wasu kurakuran da yake ɗauke wa kai, PHP 8 yana tsayar da shafi gaba ɗaya a kansu. Shi ma WooCommerce, daga zubi na 8.2 a watan Oktoban 2023, ya sauya inda sababbin shaguna suke ajiye odar masu saye, ta yadda fulogin da yake dubawa a tsohon wuri zai iya kasa ganin odar da ta shigo.

Ba muna cewa a daina sabuntawa ba ne, domin tsohon fulogin da aka san rauninsa shi ne ƙofar da masu kutse suka fi shigowa ta cikinta. Ƙananan gyare-gyaren tsaro na WordPress za su ci gaba da shiga da kansu, kamar yadda aka saba tun 2013. Amma babban zubi, daga yanzu, sai mun fara gwada shi a kan kwafin shafinku: mu cike fom mu ga ko saƙon ya iso, mu sayi kaya na gwaji har zuwa wurin biyan kuɗi, mu duba a waya da kwamfuta. Idan komai ya tafi daidai, sai mu ajiye cikakken kwafi, sannan mu taɓa shafin na ainihi da dare, lokacin da baƙi suka ragu.

Muna roƙonku, idan kun ga jan alama a ɗakin gudanarwa na shafinku tana nuna akwai sabuntawa, ku bar mana ita. Kada kuma ku yarda wani ya ɗora muku fulogin na kuɗi da aka fasa makullinsa ake rabawa kyauta, domin ba ya samun gyara daga masu shi, kuma sau da yawa akan cusa mugun abu a ciki. Mun san sabunta lasisi da dala yana da nauyi a wannan lokaci, shi ya sa duk inda akwai na kyauta mai inganci za mu faɗa muku gaskiya.

Akwai kuma fulogin da masu su suka yi watsi da su. Rumbun fulogin na WordPress yana sanya gargaɗi a kan duk wanda ba a gwada shi da manyan zubi uku na baya-bayan nan ba, kuma idan muka samu irinsa a shafinku za mu kira ku mu yi shawara kafin mu musanya shi, tare da bayanin abin da zai canza da abin da zai ci.

Idan shafi ya tsaya saboda wani fulogin, WordPress yakan aika saƙo zuwa imel ɗin mai gudanarwa ɗauke da hanyar shiga domin gyara. Muna roƙon ku tabbatar imel ɗin da ke kan shafinku wanda kuke dubawa ne, kuma da zarar saƙon ya iso ku turo mana shi.

Allah ya ƙara buɗi, ya sanya albarka a kasuwa.

Naku,
Sashen Kula da Shafuka