Barka da Sallah Inna, daga Landan

Assalamu alaikum Inna,

Barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi ibadunmu ya maimaita mana. Na kira wayarki sau uku da safe ba ta shiga, kuma na san ko ta shiga ba jin juna za mu yi ba don hayaniyar yara, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, Auta ta karanta muku da daddare in gida ya natsu. Auta dan Allah ki karanta duka, kar ki tsallake ko layi ɗaya.

Mun yi Idi lafiya. Masallacin Whitechapel na je, nan gabashin Landan, kuma ba irin namu ba ne da gari duka zai ɗunguma Ƙofar Doka, a nan kashi-kashi ake yi, wasu su idar su fito wasu su shiga, don masallacin ba zai ɗauke mu a lokaci ɗaya ba. Ta dama da ni a sahu 'yar Bangaladash ce, ta hagu 'yar Somaliya, da aka sallame muka rungumi juna kamar mun san juna tun da. Amma ina fitowa titi sai na ga bas-bas suna ta wucewa, shaguna a buɗe, kowa da jakarsa yana sauri zuwa wurin aiki, ga yayyafi ga iska. Babu wanda ya san yau wata rana ce. Ni ma dutin dare gare ni a asibiti. Atamfar da kika aiko na sa, ta zauna min ɗas, sai dai rigar sanyi ta rufe ta ruf, babu wanda ya ganta sai ni. Na soya waina a 'yar tandar da na zo da ita, ta tashi ba laifi, miyar ce dai ba ta kama ƙafar taki ba, kabewarsu ruwa ne da ita.

Duk wannan na daure Inna. Abin da ya sa ni kuka shi ne bidiyon da Madaki ɗan ajinmu ya turo daga Ƙofar Fada wajen azahar. Daƙiƙa 40 ne kacal, hoton ma rawa yake yi don ana ta ture shi, ba abin da ake gani sosai sai ƙura da jar rigar dogarai da gefen laima, amma algaita ta fito tar, ga tambari a ƙarƙashinta, ga ƙarar bindiga, can sai wata mata ta rangaɗa guɗa kusa da wayar. Na kalla ya fi sau goma. Na tuna Baba, Allah ya jiƙansa, yadda yake ɗora ni a wuya a bakin hanya yana nuna min, waɗancan 'yan lifidi ne, waɗancan 'yan sulke, ki saurari abin da maroƙin nan yake faɗa, daga kirarin za ki gane ko hakimin Bamalle ne ko Babarbare ko Bakatsine ko Basulluɓe. Shi bai taɓa ɗaukar hawa a matsayin kallon dawaki ba, cewa yake karatu ne ake yi maka a kan titi. Duk yarintata Sarki ɗaya na sani, marigayi Shehu Idris, tun 1975 yake kan gado har ya rasu a 2020, shekara 45, har na ɗauka shi da laimar nan tare aka halicce su. A nan ma akwai dawakin sarki, na je na gani kusa da fadar Buckingham, manya ne baƙaƙe sai sheƙi, mahayan da hular ƙarfe, tsaf-tsaf. Amma shiru suke wucewa, ba mai kiran sunan uban kowa, ba mai jahi, ba mai guɗa, mutane dai su ɗaga waya su ɗauki hoto su watse.

Kin gane Madakin da nake nufi ai, ɗan ajinmu na sakandare wanda ya yi Madaki a wasanmu na Amina, wanda ya zo aron rawanin Baba ya dawo da shi da shuni a jiki. To har yau haka muke kiransa. Muna da gurup a WhatsApp mu 'yan ajin da muka gama a 2009, kuma duk wanda ya fito a wasan nan sunansa na gaskiya ya ɓace, sai Sarauniya, Bakwa, Madaki, Galadima, Sanƙira, ni kuma Zabiya. Galadima yana Jidda, Bakwa ta yi aure a Kaduna 'ya'yanta huɗu, Sanƙira malamin tarihi ne yanzu, Sarauniya kuwa tana nan Mancesta, tafiyar awa biyu da 'yan mintoci ce a jirgin ƙasa tsakaninmu. Wallahi Inna in ba don gurup ɗin nan ba ban san yadda zan yi da kaɗaicin ƙasar nan ba. Ana haihuwa mu yi barka, ana rasuwa mu haɗa kuɗi, da Madaki ya yi gobara a shago cikin kwana biyu aka tara masa abin da ya samu. Amma duk inda hira ta je sai ta dawo kan wasan nan, wani ya turo saƙon murya yana cewa Amina 'yar Bakwa ta san rana, wani ya amsa daga wata ƙasar.

To abin da nake ta son ba ki labari tun kafin azumi ke nan. Sarauniya ta zo Landan ta kwana biyu a wurina, ta ce sai mun je kallon wani wasa, ta riga ta sayi tikiti, na can sama mafi arha. Kar hankalinki ya tashi, ba gidan gala ba ne, wuri ne na mutunci, tsofaffi da jikokinsu ne a kujeru, kowa a zaune shiru. Sunan gidan Victoria Palace, tsohon gini ne mai hawa-hawa, yana ɗaukar mutum wajen 1,500. Wasan kuma Hamilton ake ce masa, wani Lin-Manuel Miranda ne ya rubuta, an fara shi a New York a 2015, ya zo Landan a ƙarshen 2017 kuma ana ta yinsa tun lokacin. Tarihin kafa ƙasar Amurka ne, amma daga farko har ƙarshe, kusan awa uku, a waƙe ake ba da shi. Faɗa a waƙe, zaman majalisa a waƙe, neman aure a waƙe, har gardamar bashin gwamnati a waƙe suka yi ta, mutum biyu suna jifan juna da baiti kamar mawaƙa biyu sun haɗu a gidan biki ɗaya.

Shi Hamilton ɗin mutum ne na gaske. A wani ɗan tsibiri mai suna Nevis aka haife shi, uban ya tafi ya bar su, uwar ta rasu yana yaro, mutanen gari suka ga yana da kai suka haɗa masa kuɗi aka tura shi karatu New York. Baƙo ne, ba dangin iya ba na baba. Da yaƙinsu da Ingila ya tashi ya zama na hannun daman George Washington, jagoran sojojinsu wanda ya zama shugaban ƙasarsu na farko, shi ke rubuta masa wasiƙu, da aka ci yaƙi aka kafa gwamnati a 1789 shi ne ministan kuɗinsu na farko, har yau hotonsa ne a kan dala 10. Amma baki gare shi, ba ya barin ta kwana, shi ya ja masa. A 1804 rigimarsa da mataimakin shugaban ƙasa Aaron Burr ta kai suka yi irin abin da manyansu suke yi a lokacin, a tsaya gaba da gaba da bindiga don wanke mutunci, Burr ya harbe shi, washegari ya cika.

Abubuwa da yawa sun ba ni mamaki. Yawancin masu wasan baƙar fata ne, har wanda ya fito a Washington, alhali shi Washington na gaske bayi gare shi. Dandamalin kuma juyawa yake yi da mutane a kansa, lokacin harbin nan sai komai ya yi sanyi kamar a cikin ruwa ake tafiya. Sannan an fito da sarkin Ingila na lokacin, George na 3, da kambunsa da alkyabbarsa yana waƙar mita don Amurka ta kuɓuce masa, Turawan nan suna ta ƙyalƙyala dariya, ga fadar jikokinsa tafiyar minti goma da wurin. Ni dai ban iya dariyar sosai ba, tarbiyyar Zariya ta hana ni.

Amma wadda ta tsaya min a rai matarsa ce, Eliza. Ita ce ta rufe wasan. Ya mutu ya bar ta da 'ya'ya bakwai da bashi, ta rayu shekara 50 bayansa, sai 1854 ta rasu tana da shekara 97. Ta bi ta tattara takardunsa don kar a manta da shi, ta shiga cikin matan da suka kafa gidan marayu a New York. Da ta tsaya ita kaɗai a gaban dandamali fitila a kanta, wallahi ke na gani Inna, ke da akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gado da kike ajiye takardun Baba, kina fito da su ki shanya duk bayan damina. Na kama hannun Sarauniya, na duba sai na ga ita ma hawaye take yi.

A jirgin ƙarƙashin ƙasa muna komawa muka cika gurup da saƙon murya, ranar har ƙarfe biyun dare ba a kwanta ba. Sanƙira ne ya ƙara rura wutar, ya ce ku tsaya, 1804 kuka ce? Ai shekarar da Shehu Usmanu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu ke nan, kuma a watan Yuni aka yi yaƙin Tabkin Kwatto, shi kuma mutumin naku a watan Yuli aka harbe shi, sati uku ne tsakani. Jikina ya yi yar. Ban taɓa haɗa su a lokaci ɗaya a kaina ba. Galadima ya ce to me ya hana mu yin namu, nan gardama ta ɓarke. Kowa ya yarda babu mai sa rawani ya ce shi ne Shehu a kan dandamali, wannan ba abin wasa ba ne, kuma ni ma ra'ayina ke nan. Sai aka dawo kan Amina. Bakwa ta ce ai mu muka riga su, namu ma da waƙa muka yi shi, kuma gaskiyarta, sai dai namu minti 40 ne, ganuwarmu ta kwali ce, kalangu ɗaya muka samu aro. Ni abin da na ce musu shi ne, kayan aikin duk muna da su, sun ma fi nasu. Su sai da suka zauna suka ƙirƙiro wa kowane mutum salon waƙarsa, mu kuwa kowace sarauta da takenta da kirarinta tun kaka da kakanni, maƙera da nasu, mahauta da nasu, mafarauta da nasu. Ga Turunku, ga dutsen Kufena, ga ganuwa ana ganin sauranta. Abin da suka fi mu shi ne sun zauna sun jera shi daga farko zuwa ƙarshe, sun yi masa gida mai rufi, suna yinsa kusan kullum, mu kuma sai Sallah zuwa Sallah.

Yanzu dai an tsayar da magana, in Allah ya kai mu 2029 muna cika shekara 20 da gamawa, za mu haɗu a Zariya mu sake yin wasan, a faɗaɗa shi. Sanƙira zai tace tarihin ya raba abin da aka tabbatar da abin da yake labarin baka, Madaki zai nemo mana masu algaita na gaske, ni da Bakwa waƙoƙi. Na riga na fara, a dutin dare in marasa lafiya sun yi barci nakan rubuta baiti ɗaya biyu a bayan takarda. Kar ki ce girma ya zo mu bar shirme Inna, shi ke riƙe da ni a nan.

A gaishe min da Kaka sosai da sosai, a ce mata man zafin yana hanya, ta riƙa shafawa da daddare ba da rana kaɗai ba, kuma a ce mata guɗar da na yi a wasan nan a bakinta na koya, in na zo sai ta sake gwada min don tawa ta dushe, a nan in ka yi guɗa maƙwabta sai su buga ƙofa. A ce mata ina mafarkinta. A gaishe da Yaya Babba da matarsa da yara, na ga hoton ɗinkinsu, ƙaramin ya yi kama da Baba har tsoro. Goggo ta Tudun Wada ina gaishe ta, ina mata ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ban manta da alkakin da ta ƙulla min ranar tafiya ba, sai da na yi wata biyu ina gutsura. Kawu na Samaru da iyalinsa. Mutanen Kwarbai duka. Maman 'yan biyu ta maƙwabta, da mai kitsona, da Malam na makarantar allo, a roƙa min shi addu'a. Wanda na manta ya yafe min.

Auta ke kuma, goron Sallarki na tura ta hannun Yaya, naki daban na yara daban, kar a haɗa. Aiki biyu zan ba ki. Ki duba cikin akwatina na ɗakin Inna, ƙasan zannuwa akwai wani littafi mai shuɗin bango da ya ɗan ci ruwa, waƙoƙin wasanmu ne da rubutun hannuna, ki ɗauki hoton kowane shafi ki turo min, har waɗanda aka soke. Sannan gobe in za a yi hawan Bariki ki fita da wuri ki samu wuri a gaba, na sa miki data. Ba sai kin damu da hoto ba, ki dai riƙe wayar kusa da masu algaita ki bar ta ta yi ta ɗauka har su wuce.

Inna ki sa min albarka, ƙarfe bakwai ta kusa, zan je in kama bas.

Taki,
'yarki ta Landan