Rahoton ayyukan shekarar 2025 na ƙungiyarmu ta maƙeran azurfa, Yamai

Assalamu alaikum iyayenmu dattawan sana'a, yayye da ƙanne. Ga abin da shugabanninku suka gudanar da sunanku a wannan shekara.

Akwatunan kyauta ne suka riƙe mu bana. Baƙin da ke tsayawa su sayi zobe da ƴan kunne sun ja baya tun 2023, kowa ya gani a rumfarsa, ko a cibiyar masu sana'ar hannu ta Wadata yake ko a gidan tarihi na Boubou Hama. Aikin da ya shigo daga ma'aikatu ne da iyalai: za a sallami mai ritaya, za a karrama baƙo, ko ƴaƴa suna son abin da za su miƙa wa mahaifinsu da ya sauko daga Hajji. Mun raba aikin bi da bi, kamar yadda babban taro ya yanke, don kada ya taru a hannun mutum ɗaya.

Akwati ba zobe ba ne, kun fi mu sani. Sai masassaƙi ya fitar da jikin daga baƙin itace, baduku ya shimfiɗa jar fata a ciki, sannan mu mu zo da azurfa a kusurwa da kan murfi. Mafi yawan masu saye giciyen Agadas suke nema a murfin, amma mun riƙa nuna musu sauran, tunda giciye iri ashirin da ɗaya ne gare mu a ƙasar nan, kuma wanda za a ba mutumin Adar ya fi dacewa da na Tawa. Wani dattijonmu ya kwana uku a kan murfi guda, yana bin zanen da bakin ƙarfe, yara sun kewaye shi ba mai tari. Da ya gama ya rufe, sai ka ji ɗan "ƙas", ko takarda ba ta shiga tsakani.

Sai abin da ya ɓata mana rai. An dawo mana da akwati ɗaya bayan ƴan makonni, azurfar ta dushe, mahaɗin murfin ya saki. Da aka gwada, jan ƙarfe ya wuce kima, alhali an buga masa hatimin 925, lambar ingancin azurfa. Mun san halin da ake ciki. A watan Oktoba farashin azurfa a kasuwar duniya ya haura dala 50 ta Amurka kan oza guda, wato giram 31 da ɗoriya, ga iyakar Benin a rufe, kaya sai sun zagayo ta Lome. Duk da haka lambar nan alkawari ce: kashi 925 cikin 1000 azurfa, 75 jan ƙarfe. Kakanninmu da suka narka tsohon kuɗin Mariya Tereza mai ɗauke da shekarar 1780 sun san 833 ne, kuma haka suke faɗa wa mai saye. Ƙungiya ta sake akwatin daga asusunta, ɗan uwan da ya yi aikin ya nemi gafara a gaban dattawa, maganar ta mutu a nan. Daga yanzu hatimin 925 yana hannun dattawa, ba a buga shi a akwatin ƙungiya sai an auna an gwada.

Koyar da yara ta ci gaba kowace Asabar. Sun iya zubi da kakin zuma, amma mahaɗin murfi har yanzu yana ba su wuya, a nan za mu dage baɗi. Mun kuma tallafa wa iyalan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu da rahama.

Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi dalla-dalla a babban taro. Mai bashin kuɗin wata-wata ya daure ya biya kafin ranar, domin da su muke so mu sayi ma'aunin giram na ƙungiya, mu daina aron na maƙwabta.

Sakataren ƙungiya